Ƙwaya a Kunun Gayya

Duk wanda ya zauna da ni minti biyar sai ya ji labarin ga, don har yau yana ci na.

A gidanmu na Ruwan Gizo, in anka yi isha'i, kakarmu Inna Hajo kan zauna bakin murhu tana gasa muna gyaɗa, mu jikoki mu kewaye ta, ta yi ta zuba gatana. Ita ka dama kunun 'yan gayya duk damina, kuma kununta ya yi suna, wanda ya sha sai ya kai la'asar bai ji kwankwaso ba. Ashe wata 'yar ƙwaya ce take murƙushewa ciki, mai tallar magani ya ce mata ta gajiya ce. Yaya Bello, babban jikanta, kwano biyu yake sha, makaɗa na yi mai kirari.

Ina aji huɗu 'yan sanda sunka zo makarantarmu. Wata 'yar sanda mai fara'a ta ɗaga kwali mai hotunan ƙwayoyi, ta ce waɗanga ka sa yaro ya zare ma ɗan'uwanshi wuƙa. Ta ukku daga sama, wallahi ta Inna ce. Da gudu na iso gida.

"Inna, maganin kununki na cikin kwalin 'yan sanda. Sun ce yana haukata mutum."

"Ke, uwar surutu, ci tuwonki," in ji ta.

Ran nan ba a gasa gyaɗa ba, gatanar da ta yi muna ma ba mu taɓa jin ta ba. Wai wata tsohuwa ce da bijimin huɗa, tana tausayin wahalarshi. Aljana ta ba ta wani ganye. Bijimi ya ci, ya huɗe gona ukku rana guda, gari na ta yabo. Sannu sannu ya bar cin ciyawa, ya bar kwana, ya bar gane mai shi. Wata rana ya tsinke igiya ya shige daji.

Ƙanena ya ce, "Inna, ya dawo?"

"Ban kai nan ba tukuna, ɗan nan."

Sai ta kwance bakin zanenta, ta juye ƙwayoyin cikin wuta.

Amma Yaya Bello ya riga ya san hanyar mai saidawa a kasuwar Mafara. Bayan damina biyu ya sari abokinshi da lauje wajen yankan shinkafa, a kan maganar banza, ya gudu dajin wajen Maradun. Ba mu sake ganin shi ba.

Abin da ka ƙona mini rai, kwalin nan mu anka nuna ma, yara da ko fartanya ba mu ɗauka. Ba wanda ya kai shi gona, ba wanda ya kai shi madafi. Shi ya sa yanzu nake bin gidaje da hotunan cikin wayata, ina nuna ma masu dama kunu. Ba wanda ya koya mini, ba wanda ya aike ni. Wasu su saurara, wasu su ce ɗiyar ga ta cika iyayi.

Inna ta rasu bara. Har ranar da ta cika, in babur ya tsaya ƙofar gida sai ta ce a leƙa ko Bello ne.