Rigar Lamba Biyar

A shekarun da ɗan garinmu ke mulkin ƙasa, gwiwata ta hagu ta yi murabus ba tare da ta shawarce ni ba. Lokacin ina buga wa ƙungiyar 'yan kasuwar unguwarmu a Garwa, ni a gaba, yayana a baya. Shi ne kyaftin, shi ya fara kai ni fili, kuma ko a tsakiyar wasa ba ya kirana da komai sai Auta. Da na warke har ina iya taka ƙafa, mai horar da mu ya aiko a ce ina da aiki in ina so.

Mutumin Kayele ne, yana aiki a ma'aikatar auduga, dogo, kuma ban taɓa ganin haƙoransa ba sai in yana cin rake. Kowa na kiransa Antirena, yadda ake kiran mai horarwa da Faransanci. Ni kuma ya ce daga yau ajuwan ne, wato mataimakinsa. Ya rataya mini usur a wuya. Na hura don in ji daɗin sabon muƙami, iska kawai ta fito. Ashe ya cire ƙwayar da ke ciki.

"Bon," ya ce da Hausarsa ta kasuwa. "Shi yi kyau haka. Kai ba magana tukuna."

Ya kai ni bayan raga ya tsayar da ni, ya ce kada in kalli ƙwallo, don tana da masu kallonta da yawa. Aikina shi ne in kalli waɗanda ƙwallo ba ta wurinsu. Haka na yi damina guda a tsaye kamar turke, 'yan kallo na tambayata ko wani abu na yar a wurin. Idan an tashi, sai ya ja kekensa mu taka tare har bakin titi, ya yi mini tambaya ɗaya da ba ta canjawa: "Wa ya yi ƙarya yau?"

Da farko na zaci zancen baki yake nufi, na ce ai duk 'yan kasuwa ne. Ashe ƙaryar jiki yake nema. Akwai mai kaɗa hannuwa da ƙarfi don a ɗauka gudu yake yi. Akwai mai durƙusawa ya ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba, don ya sami numfashi. Golanmu kan yi wa 'yan baya tsawa tun kafin a zura masa, saboda a san ba laifinsa ba ne. A hankali idona ya buɗe, har na kai ina gane wanda bai ci abincin rana ba da wanda ya yi faɗa a gida. Idan na faɗi daidai sai Antirena ya ce "bon". Idan na yi kuskure ma "bon" ɗin yake cewa, sai dai ya fi jan sa.

Sai kuma batun riguna. Ƙungiyarmu riguna sha ɗaya gare ta, ba ƙari, kuma ba a kiran sunayen masu bugawa. Ranar wasa 'yan wasa kan tsaya a layi, Antirena ya raɗa mini lamba da mutum, ni kuma in ɗauki riga daga buhu in sa a hannun mai ita. Wanda buhu ya ƙare bai samu ba, ya san matsayinsa, sai ya koma gindin darbejiya. Antirena bai taɓa miƙa riga da hannunsa ba. Ya ce dole mataimaki ya koyi wuce mutum yana kallon idonsa.

Rigunan nan kuwa yayana ne ya yanko yadinsu daga rumfarsa. Shi ke kai su bakin Binuwai a wanke, shi ke tsayawa a kan mai guga, kuma shi ke kawo buhun fili a bayan kekensa. Lamba biyar tasa ce tun ranar da tela ya ɗinka ta.

A shekara ta biyu wani saurayi ya shigo mana, Kirista daga duwatsun wajen Mayo-Ulo, yana dakon buhunan gyada a tashar jirgin ruwa. Ba ya magana sosai, kuma ɗan baya ne. Wanda ya taso yana hawa dutse da kaya a ka, filin ƙwallo hutu ne a wurinsa. Daga bayan ragata na ga abin da ban so gani ba. Duk lokacin da ɗan gaba ya tsere wa yayana, sai yayana ya tsaya cak ya ɗaga hannu sama, wai satar gida. Hannun na tashi tun kafin a bugo ƙwallon. Ya fi kowa iya ƙaryar, don yana yin ta da kwarjini, har alƙalin wasa kan yarda wani lokaci.

"Wa ya yi ƙarya yau?" in ji Antirena.

Na ambaci gola, na ambaci mai igiyar takalmi. Ya ja "bon" ɗinsa har muka kai bakin titi. Haka muka yi ta yi makonni, ni ina kewayawa, shi yana jira. A gida kuwa kwano ɗaya muke ci da yayana, yana tura mini nama gabana yana cewa, "Ci, Auta, tsayuwa ma aiki ce."

Ranar da 'yan garin Gidar suka zo mana wasan kofi, Antirena ya iso fili da ƙyalle ɗaure a haɓa, wai haƙori. Bai hana shi cin rake ba. Ya zauna gindin darbejiya ya ce bakinsa ba ya buɗuwa, yau ni zan zaɓa, ni zan raba.

Na ce, "Antirena, ka san abin da kake sa ni?"

Ya ce, "Ni ba san komai. Kai ne ya tsaya bayan raga."

Yayana ya sauke buhun daga keke ya miƙo mini da hannunsa, rigunan na ƙamshin gawayin guga. Aka yi layi. Na ba gola tasa, na ba lamba biyu, uku, huɗu. Da na zaro lamba biyar, yayana ya riga ya tuɓe rigarsa ta gida, ya miƙo hannu yana magana da na kusa da shi, ko kallona ba ya yi. Tsoro na ji, da kunya irin wadda ban taɓa ji ba. A gidanmu ƙane ba ya wuce wa da gaisuwa, balle da riga. Amma na dube shi a ido yadda aka koya mini, na wuce, na sa rigar a hannun ɗan Mayo-Ulo.

Saurayin ya riƙe ta kamar an ba shi garwashi. Yayana ya daɗe da hannunsa a miƙe, sannan ya mayar da rigarsa, ya ɓalla maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Ya ce wa saurayin, "Sa mana, ɗan'uwa. Ka kula da mai lamba tara ɗinsu, hagu yake juyawa." Ya tafi ya zauna kusa da Antirena, wanda ya miƙa masa gaɓar rake.

An ci mu ɗaya da nema. Golanmu ne ya saki ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa, bayan ya gama yi wa kowa tsawa. Ta ɓangaren lamba biyar kuwa ko kaza ba ta wuce ba. Da aka tashi, Antirena ya karɓi usur ɗina, ya zaro ƙwayar daga aljihunsa ya mayar ciki, ya rataya mini. Haƙorin ya warke.

Yayana ya tattara rigunan cikin buhu kamar kullum, ya ɗaure a keke. Bai daina wanke su ba, kuma bai sake tsayawa a layi ba. Da magariba na shiga gida ina jan ƙafa, na tarar ya buɗe kwano yana jirana. Na zauna. Ya tura mini nama gabana.

"Bismilla, Antirena," ya ce.

Na ɗauka zolaya ce ta kwana biyu. Bai taɓa yi mini faɗa a kan rigar ba, bai taɓa tayar da zancen ba, kuma ko a gaban Inna da sunan yake kirana, cikin ladabi. Daga baya na horar da ƙungiyoyi, na cire wa mataimaka da yawa ƙwayar usur, mutane da dama sun kira ni Antirena na ji daɗi. A bakinsa kaɗai sunan ke yi mini ciwo. Mun ci gaba da cin kwano ɗaya har ƙarshen ransa, kuma kullum in ya turo naman nakan ɗan dakata kafin in ɗauka, ko zai ce Auta.