Mai Duma da Hannun Auta

Kafin samari su laƙaba masa Mai Duma saboda ƙarar sifikokinsa, kafinta ne kamar sauran kafintocin layin. Gado yake yi, da kabad, da ƙofa. Shagonsa rumfar kwano ce a bayan garejin makanikai, ƙasa duk garin katako, gwangwanin gam a rataye jikin ƙusa. Ba shi da yawan magana, ko ciniki ba ya son ja.

Wata rana wani direba ya kawo masa ƙatuwar sifika ya ce a yi mata akwati. Ya yi, aka ɗaura a but ɗin motar direban, aka kunna. Madubin motar ya hau rawa, shi kuwa kafintan ya ji sautin a ƙirjinsa tun kafin ya kai kunne. Daga ranar hankalinsa ya bar kan gadaje.

Ya samo wata tsohuwar mota da fanel bita ya gaji da ita. Ya cire kujerun baya, ya gina bangon katako ninki biyu tun daga ƙasa har rufi, ya jera sifikoki a jiki. Wani mai wayarin ya shimfiɗa masa batura da wayoyi masu kaurin babban yatsa. Ƙofofin ya ɗura musu siminti don kada su kaɗa. Idan yana gwaji a ƙofar gida, kwanukan maƙwabta sai sun faɗo daga kanta.

Matarsa takan ce, "Baban yara, motar mutane tana kai su kasuwa, taka ciwon kai kawai take kawo mana."

Akwai gasar ƙarar sifikokin mota da yake shiga duk shekara, a filin wani tsohon sito ake yin ta. Alƙali yakan manna na'urar awo a cikin motar, a rufe ƙofofi ba kowa a ciki, a saki ƙugi guda mai nauyi wanda ko waƙa ba shi ba ne. Duk kafar da iska ta samu ta fita, maki ya ragu. Shi ya sa ake sa ƙarti su jingina da ƙofofi, su danne gilasai da hannu. Shekara da shekaru Mai Duma yana zuwa na biyu, a bayan wani mai sayar da kayan gyaran mota. Mai Duma ya lura gilashin gaban motarsa yana lanƙwasawa, sai ya je wurin mai yankan gilashi ya zaɓi wani mai kauri.

Mai gilashin ya ce, "Wannan na tagar kanti ne, Malam. In ya fashe ba ya rugurgujewa kamar na mota, wuƙaƙe yake zama."

"Ba zai fashe ba," in ji shi.

Ranar gasar, ɗaya daga cikin masu danne masa bai zo ba. Ya waiga ya hangi ƙaninsa, autansu, wanda tela ne, ya zo kallo kawai don kada a ce bai zo ba.

"Auta, zo ka danne min gilashin nan."

"Yaya, ni da ko rediyo ba na ƙure wa murya?"

"Tafin hannu kawai za ka sa. Yanzu za a gama."

Auta ya naɗe hannun riga, ya kifa tafukansa, ya sa ƙarfinsa. Mai Duma ya tsaya gefe da rimot ya danna. Ƙasa ta ɗauki rawa, 'yan kallo suka toshe kunne suna ihu. Sai gilashin ya tsage gida-gida, hannun Auta na dama ya zurma ciki har gwiwar hannu. Ihun da ya yi ba wanda ya ji sai da aka kashe sautin.

A asibiti likita ya ce jijiyoyin sun yanke. An ɗinke abin da zai ɗinku, amma yatsu uku sun ƙi lanƙwasuwa. Bayan kwanaki alƙalin gasar ya zo shago da kofi a leda, ya ce na'ura ta riga ta ɗauki maki kafin gilashin ya fashe, kuma ba wanda ya kamo shi. Mai Duma ya karɓa ya tura ƙarƙashin benci.

Auta ya gwada komawa kan keke. Almakashi ya ƙi zama a hannunsa, allura ma ba ya jin ta. Masu kawo ɗinki suka yi ta zuwa suna kwashe yadinsu, suna yi masa sannu da jiki. Tsohuwarsu ta daɗe ba ta amsa gaisuwar Mai Duma. Auta kuwa ko sau ɗaya bai ɗaga masa murya ba. "Ƙaddara ce, Yaya," abin da yake faɗa kenan, Mai Duma kuma sai ya tashi ya bar wurin.

Ya wargaza motar da hannunsa, ya rantse ya bar harkar. Amma masu son gado sun riga sun koma wajen wasu, duk wanda ya leƙo rumfar akwatin sifika yake nema. Ga gida biyu a wuyansa, nasa da na Auta. Bai jima ba ya sake ɗaukar zarto. Kunnensa na hagu ya mutu, na dama yana masa wani siririn kuka da ba ya ɗaukewa.

Yanzu Auta ne ke zama a bakin rumfar. Yana goge katako da hannun hagu, shi ke magana da masu kawo aiki, tunda yayan ba ya ji sosai. Kwanan baya wani saurayi ya faka mota, ya shigo yana washe baki.

"Wai da gaske nan ne aka haɗa motar da ta fasa gilashi?"

"Nan ne," in ji Auta.

"Kai! To irinta nake so."

Mai Duma ya ɗago daga kan falanki. "Me yake cewa?"

Auta ya matso kusa da kunnensa na dama ya ɗaga murya. "Aiki ya kawo, Yaya. Je ka auna but ɗin."