Ajiyar Baƙi a Zauren Baba

Ni fa ban yi niyyar sa Baba cikin maganar nan ba. Wani abokina da muke koyar da kwamfuta tare a Gumel, shi ya zuga ni. Ya ce akwai wani tsari a intanet: ka sayi babban faifan ajiya, ka haɗa shi da 'yar ƙaramar kwamfuta, ka bar ta a kunne. Mutanen duniya da ba ka taɓa gani ba su riƙa zuba hotunansu da takardunsu a ciki, kai kuma a riƙa ba ka ɗan na haya. Sharaɗin dai kada ta mutu. Na ce kai, ashe akwai sauran banza a duniya!

A gidanmu na Maigatari muke da sola, don haka da na haɗa faifan da kwamfutar a akwati guda, can na kai shi. Na zagaya gidan kaf da waya a sama ina neman sabis, ban samu na kirki ba sai a zaure. Zaure kuwa na Baba ne.

Baba fatoma ne tun kafin a haife ni. Fataken shanu daga Damagaram, in sun zo cin kasuwar Alhamis, a zauren nan suke sauka. Shi ke ba su tabarma da tuwo, shi ke riƙe musu jakunkuna har su tashi. Taƙamarsa guda ce a duniya, kuma babu wanda bai gaji da jin ta ba: ajiya ba ta taɓa ɓata a gidansa ba, ko da igiyar ɗaure maraƙi ce. To, ciwon ƙafa ya raba shi da kara, wato kasuwar shanu, fataken da ya sani sun ƙare, 'ya'yansu kuma da mota suke zuwa su juya a ranar. Zaure ya koma daga Baba sai rediyo sai fanka.

Ya gan ni ina fama da wayoyi, ya ce, "Kai, wane tarkace ne kuma ka jajibo mana?"

Don in gajarta bayani na ce, "Baba, masauki ne. Mutane ke kawo ajiya a ciki."

Ya kashe rediyo. "Su wa?"

"Ban san su ba. Daga ko'ina suke, wataƙila har da Turawa."

"Me suka kawo?"

"Ba a iya gani. A kulle yake, makullin yana hannunsu."

Ya gyaɗa kai. "Haka ake yi. Fatoman kirki ba ya leƙa jakar baƙo."

Shi ke nan, daga ranar akwati ya bar hannuna. Na dawo ƙarshen mako na tarar an lulluɓe shi da bargo, wai kada a yi masa baki, ya yi zafi kamar tukunyar ɗumame. Da ƙyar muka daidaita a kan ɗan ƙyalle mara nauyi. Kaji suka daina ratsa zaure. Duk wanda ya yi sallama da ƙarfi sai Baba ya ce, "A hankali mana, muna da baƙi." Ya sanar a ƙofar masallaci cewa Turawa sun sauka a gidansa. Wani tsohon amininsa ya hau babur tun daga Sule Tankarkar don ya gaisa da su. Aka ɗaga masa ƙyalle, ya daɗe yana kallon koriyar fitila tana ƙiftawa, sannan ya ce, "Alhaji, anya lafiyarka kuwa?" Baba bai kula shi ba har ya shanye furarsa ya tafi.

Ni kuwa na shiga uku. Ina tsakiyar darasi waya za ta yi ƙara, Baba ne. "Fitila ta koma ja! Kana can kana surutu kayan mutane na lalacewa!"

Sai bazara ta shigo. Batirin solarmu ya tsufa, ba ya iya ɗaukar akwati da fanka tare. Babu wanda ya gaya mini, ashe Baba da kansa ya zare fankarsa. Wata Juma'a na iso bayan la'asar na same shi sharkaf da gumi, wuyansa duk ƙurajen zafi, mafici a hannu: ya fifita kansa, ya fifita akwati. Kafin in zauna Inna ta ja ni tsakar gida. "Ka kawo wa tsoho aljanu, za su kashe mini miji. Ko ka kwashe su ko in zuba musu ruwa, wallahi!"

Raina ya ɓaci ƙwarai, don hayar da ake ta faɗa ko ƙosai ba ta saya mini ba. Na koma zaure na ce, "Baba, ka daina wahalar da kanka. Kowane kaya an gutsuttsura shi an rarraba gidaje da yawa a duniya. Ko yanzu muka kashe namu, mai kaya ba zai yi asarar komai ba."

Na zaci zai ji sanyi. Sai na ga mafici ya tsaya.

"Wato ba mu kaɗai suka ba wa ba."

"A'a."

"Ba su yarda da mu ba ke nan."

"Ba haka ba ne, Baba. Ai ba su ma san da mu ba."

Kaico, gara ma da na bar shi a kan ta farko. Ban taɓa ganin fuskar Baba ta yi haka ba, tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona. Na miƙa hannu zan kashe abin kowa ya huta, sai ji na yi fau! mafici a bayan hannuna.

"A gidan wa ka ga ana korar baƙo haka? Su ba su san da ni ba, ni na san da su. In tafiya za su yi, a sallame su yadda ya kamata."

Allah ya taimake ni, tsarin yana da hanyar fita: ka sanar za ka daina, akwatin ya miƙa kowane gutsure ga wasu gidaje har ya zama fanko. Da irin sabis ɗinmu abin ya ɗauki kwanaki, Baba kuma ya rantse ba za a kunna fanka ba sai baƙo na ƙarshe ya fita. Inna ta daina yi mini magana.

Ranar da za a gama, na fito na same shi cikin babbar riga da hula, irin shigarsa ta Alhamis a da. Ya zauna kusa da ni yana kallon allon da ba ya iya karantawa. Da abin ya cika na ce, "Baba, sun tafi."

"Duka?"

"Duka."

"Babu abin da ya ɓata?"

"Ko ɗaya."

Ya shafa fuska. "Alhamdu lillahi. Allah ya kai su lafiya."

Na jona fanka, iska ta fara kaɗa masa riga. Bai ko dube ta ba, ƙofar zaure yake kallo. Na naɗe wayoyina, na ɗauki akwati zan fita, sai ya ce, "Ajiye shi nan. In ka sayi sabon batir, ka tambayi abokin nan naka na Gumel ko akwai wasu masu neman masauki."