Tabon Cindo

Shekarata ashirin da ɗaya lokacin da kalmar tsatso ta fara yi mini ciwo. Na ga yarinya a Gude ina so, kawuna ya je neman aure, sai kakarta ta ce yaro dai ba shi da laifi, amma su ba sa ba da 'ya ga wanda ba a san tsatsonsa ba. Wato mutum shi kaɗai bai isa ba, sai an ga waɗanda ya fito daga cikinsu.

Ubana ya rasu a haƙar kuza, zamanin da Nasara ke kwasar mutane aikin tilas. Inna ta dawo gidansu da cikina, hanya kuma ta mutu tsakanin gidajen biyu. Ran nan zuciya ta ɗebe ni, ko koko ban sha ba, na kama hanyar Sabon Birni ta ƙasar Gwarzo, garin ubana.

Na tarar da ƙanin ubana a zaure yana tufka igiya. Muka gaisa, na faɗi ko ni wane ne. Ko kai bai ɗaga ba.

"Kowa ya ji labarin gona sai ya zama ɗan marigayi," in ji shi.

Na miƙe zan tafi, raina a ɓace, sai wata tsohuwa ta yi magana daga bayan danga. Yayarsu ce, idonta ya daɗe da tafiya.

"Kawo hannunka, yaro."

Ta bi gefen ƙaramin yatsana tana shafawa, har ta tsaya kan wani ɗan tabo. Nan wanzami ya cire mini yatsa na shida ran suna, wanda ake kira cindo. Ni duk rayuwata ɓoye shi nake yi don tsokanar yara. Ta laluba hannun Baffa, ta ɗora yatsana a kan irin tabon, sannan nata.

"Kai dai ba ka da kunya," ta ce masa. "Wannan ma don gonar taka ya yanka?"

Allah ya jiƙan Gwaggo. Har yau in na tuna ta sai idona ya kawo ruwa.

Baffa bai taɓa ba ni haƙuri ba, ba halinsa ba ne. Amma bayan kwana uku ya tako har Gude da ƙafa, da ƙwaryar goro. Da aka tambayi wanda ke nema wa yaron aure, kafin kawu ya buɗe baki ya riga shi.

"Ni ne ubansa."