Sallar da Na Yi Don a Harbe Shi

Bayan 'yan bindiga sun kashe yayana a gonarsa ta Dosara, na kwashi iyalinsa muka koma Talata Mafara. Da buta a hannu aka tsinci gawarsa, zai yi alwala. Tun daga ranar jana'izarsa na daina sallah. Ban faɗa wa kowa ba. Fushi nake yi, kuma na san da Wanda nake yin sa.

Ba gona, ba aiki, sai na zama ɗan gida a wani gidan kallo da ke bayan kasuwa. Mai gidan wani tsoho ne, da can direba ne, yana da doka guda: da an kira sallah zai kashe janareto, ko da sama za ta faɗo.

Wata Talata aka sa fim ɗin yaƙi. Ban ji yarensu ba, ban kuma buƙaci fassara ba. An kashe wa wani soja ɗan'uwa, ya bi sawun makashin daji-daji, yana tafe yana addu'a, har ya ritsa shi a cikin rami. Ya saita masa bindiga a goshi. Wallahi yatsana har motsi yake yi, kamar ni ne zan harba.

Sai ladan ya kira la'asar. Ɗif, allo ya mutu.

Kowa ya fita, ni na ƙame a benci. Tsohon ya tsaya a kaina.

"Kai, ɗana, mi kaka jira? Tashi mu tai masallaci."

"Baba, ku tai, ina nan."

"To wanga fim ba ya ƙarewa sai ka yi sallah."

Na tashi ina cika ina batsewa. A sujada abu ɗaya na roƙa, ban kuma ji kunya ba: Ya Allah, ka sa ya harbe shi. Na maimaita har tabarma ta jiƙe da hawaye.

Muka dawo, aka tayar da janareto. Sojan ya daɗe yana kallon mutumin, sannan ya sauke bindigar, ya durƙusa yana kuka. Wasu suka ce Allahu akbar. Ni tsaki na ja. Ko a fim ba a amsa mini ba.

Amma da aka kira magariba, ni na riga tsohon zuwa wurin alwala. Har yau ban sake barin sallah ba. Mutane suna cewa haƙuri ya zo mini. Ba su san abin da nake roƙo ba in na kai goshina ƙasa.