Mariƙin Ƙofar Baba

Ni fa tun ina yarinya Malam Ashiru kafinta yake ba ni haushi, kuma ba zan ɓoye ba. Mutum ne da za ka kira ya ɗaure maka noti ɗaya, sai ya jingine kekensa a gindin darbejiya, ya tsaya yana yi maka tambayoyi kamar ɗan sanda. Wa ke shiga ɗakin nan? Me yake riƙewa idan zai shiga? Yara ne ko manya? Haba jama'a! Ƙofa ce fa, ba neman aure ba.

A unguwar Gama aka haife shi, can yake har gobe, kuma gadon sana'ar ya yi wajen mahaifinsa. Bai taɓa buɗe shago ba. Akwatin katako ɗaya gare shi a bayan keke, cike da guduma da sukudireba da tsofaffin makullai, kuma da wannan akwatin ya aurar da 'ya'ya shida. Sama da shekara talatin shi ke gyara ƙofofin gidanmu na Nasarawa. Yana da wata al'ada da muke yi wa dariya: in ya gama sa mariƙi, sai ya dunƙule hannuwansa a ƙirji, ya danna mariƙin da gwiwar hannu. In ƙofar ba ta buɗe ba, wallahi kwancewa zai yi ya sake daga farko. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce, "Hajiya, wanda ya ɗauko tire ai ba shi da hannu." Na ce a raina, iyayi dai.

Mahaifinmu Alhaji Sanusi tsohon ma'aikacin gwamnati ne. Ni ce 'yarsa ta fari, kuma sunan mahaifiyarsa Maimuna aka sa min, saboda haka kunya biyu ce tsakaninmu. Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In ta kama dole sai ya ce "Uwata", yana kallon wani wajen. Ko ina zaune a gabansa, sai dai ya juya ga wani ya ce, "A ce mata an gode." Shekara biyu da suka wuce ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya warware da ikon Allah, yana tafiya da sanda a hannun hagu, amma hannun dama ya tafi ke nan. Duk da haka bai yarda kowa ya taimaka masa ba. Shi ke wankansa, shi ke alwalarsa, shi ke fitowa falo ya sha shayi kofi uku yana yi wa rediyo gardama. Mahaifiyarmu ta rasu, sai ƙanwarsa Gwaggo Binta ke zaune da shi, ni kuma kullum ina zuwa daga Hotoro.

Da bikin autarmu Nabiha ya matso, na ce sai an gyara gidan nan tsaf, kada dangin ango su raina mu. Aka yi fenti, aka sake labule. Sai idona ya faɗa kan mariƙan ƙofofin, irin dogayen nan na dannawa, duk sun koɗe sun yi baƙi. Na je kasuwa na zaɓo wasu mulmulallu masu ruwan zinariya, irin na murɗawa, suna ta ƙyalli. Na haɗo da ƙarfen nan da ke mayar da ƙofa ta rufe da kanta, saboda sauro da sanyin esi. Na aika aka kira Malam Ashiru.

Ya ɗauki ɗaya ya jujjuya shi a tafinsa. Ya ce, "Hajiya, har da ɗakin Alhaji?"

Na ce, "Da ɗakinsa ma za a fara, da banɗakinsa."

"To, da dai an bar na Alhaji yadda yake, don..."

Ban bar shi ya ƙarasa ba. Kaina ya riga ya ɗau zafi da masu dafa abinci da masu ɗinki. Na ce, "Malam Ashiru, don Allah yau ban da wa'azi. In ba za ka iya ba ka faɗa, masu iyawa sun yi yawa a garin nan." Ya ajiye mariƙin a hankali, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya hau kekensa. Washegari na ɗauko ma'aikata daga wani kamfani, a yini ɗaya suka sauya ƙofa goma sha huɗu. Tsofaffin na ce a zuba a bakin get, masu sayen ƙarfe su kwashe.

Na kai Baba ya gani. Ya daɗe yana kallon ƙofar tasa, sannan ya ce wa Gwaggo, "A ce mata sun yi kyau. Allah ya yi albarka." Ni kuwa har da fari da ido.

Aka yi biki aka watse. Bayan nan ne Baba ya fara sauyawa. Ya daina fitowa falo, sai wanda ya shiga ya same shi zaune a bakin gado. Shayin da yake sha kofi uku ya koma kurɓa ɗaya. Ruwa kuwa ko ka kai masa baki sai ya kau da kai, ya ce ba ya jin ƙishi. Abinci loma biyu. Gwaggo ta ce kewar auta ce. Ni na ce ciwon ne yake dawowa. Cikin sati uku mutumin nan ya zabge, leɓɓansa suka bushe, idanunsa suka faɗa. Muka kai shi asibiti aka yi masa ƙarin ruwa leda huɗu, likita ya kira ni gefe ya ce ƙodarsa ta fara taɓuwa, in ya ci gaba da ƙin shan ruwa ba zai yi mana alkawarin komai ba. Da muka dawo gida na yi lallashi, na yi kuka, har faɗa na yi wa mahaifina, abin da ban taɓa yi ba. Sai dai ya sunkuyar da kai.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga Malam Ashiru ya zo dubiya, ya ji labari a wajen maigadi. Na amsa gaisuwarsa a daƙile, na buɗe masa ɗakin Baba na koma falo. Bai fi minti goma ba ya fito. Bai zauna ba.

Ya ce, "Hajiya, zo ki ga wani abu. Ki yi haƙuri."

Ya ɗauko tsintsiya mai dogon hannu da ke jingine a lungu, ya ba ni a hannun hagu, ya ce in dogara da ita kamar ƙafata ba ta ɗaukata. Ya ce in sa hannun dama a bayana. Sannan ya nuna min ƙofar kicin, ya ce, "Buɗe."

Na tsaya. Na kai gwiwar hannu, ta zame. Na sake, ta zame. Abu mulmulalle mai santsi, ta ina za ka danna shi? Sai na saki tsintsiyar ta faɗi, na murɗa da hagu, kafin in sunkuya in ɗauko ta ƙofar ta koma ta rufe kanta, ƙyat.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam Ashiru ya rage murya. Ya ce, "Da gwiwar hannu Alhaji yake buɗe tsohon mariƙin, sandar tana hannunsa. Wannan kuwa sai ya saki sanda. Ya gwada, ya faɗi a ƙofar banɗaki tun satin biki, da jan jiki ya koma gado. Tun daga ranar yake jira sai wani ya shigo ya ce a duba masa ko an bar famfo a buɗe, in an buɗe ƙofar ya tokare ta da sanda. In ba wanda ya shigo, haka zai zauna. Shi ya sa ya daina shan ruwa, Hajiya. Don kada fitsari ya matse shi."

Na zauna daɓas a ƙasan tayil. Famfo! Sau nawa Baba ya ce min a duba famfo, na leƙa na ce a rufe yake, na ja masa ƙofa na fita? Har ce wa Gwaggo na yi ya fara ruɗewa. Na ce, "To me ya hana shi faɗa? Me ya hana shi faɗa, Malam Ashiru?"

"Ya ce ke kika saya da kuɗinki, kina murna. Ya ce in ya gaya wa Gwaggo, kafin la'asar kin ji. Kuma ta yaya zai dubi uwarsa ya ce mata ba ya iya shiga banɗaki?"

Na ce a tashi direba yanzu a tafi kasuwa. Ya ce ba sai an je ba. Ya fita wajen kekensa ya dawo da wani ƙunshi a tsohon buhu. Tsofaffin mariƙan ne guda biyu, na ɗakin Baba da na banɗakinsa. Ashe ranar da na zubar da su ya dawo da yamma ya tsince su a bakin get, ya goge su da mai ya ajiye. Wata guda yana yawo da su a akwati, yana jiran a kira shi, ni kuma girman kai ya hana ni.

Ya durƙusa ya kwance nawa, ya cire ƙarfen da ke rufe ƙofa, ya mayar da tsofaffin a gurbinsu. Baba yana zaune yana kallo, ni ina raɓe a bayan labule, don ban iya haɗa ido da shi. Da ya gama ya dunƙule hannuwa a ƙirji ya danna da gwiwar hannu. Wannan karon ban yi dariya ba.

Baba ya dogara sandarsa ya miƙe. Ya taka a hankali har ƙofar banɗaki, ya danna, ta buɗe. Ya ja ta ya rufe, ya sake dannawa. Ya koma ya zauna, ya ce, "Ashiru, a ba ni ruwa." Na ruga na kawo jug guda. Ya shanye kofi ɗaya, ya miƙo, na ƙara, ya shanye. Sai da ya sha uku.

Malam Ashiru yana tattara mulmulallun mariƙan zai zuba a buhu, sai Baba ya ɗaga masa hannu. Bai kalle ni ba, ko sau ɗaya.

Ya ce, "Kada ka tafi da su. Ɗora min su nan kan durowa inda zan riƙa ganinsu. Uwata ce ta saya min."