Neman Faifan CD a Dutse

Ana idar da sallar asuba muka bar Kafin Hausa, ni da wani abokin karatuna da tsohuwar kwamfutarsa mai nauyin dutsen niƙa.

Abin da ya tayar da ni abin kunya ne. Bincikena na gama digiri a kan man shanu ne, na shanun Innata a Aujara. Na kai shi wani ɗakin gwaji a Dutse, na'ura ta haska shi ta fitar da zane, layi mai hawa da sauka, kowane tsini da lambarsa. Fayil ɗin ya ƙi buɗuwa a manhajar rubutu, sai na yi wayo, na ɗauki hoton allon kwamfutar ɗakin gwajin da waya na liƙa a rahoto. Malamina ya duba ya ce, "Lambobin ba sa karantuwa, amma hularka ta fito sarai." Ashe inuwata ce a gilashin! Ranar Alhamis za a rufe karɓar rahoto, wanda ya wuce sai baɗi. Dole na koma Dutse in karɓo ainihin zanen.

Hanya lafiya lau, gero ya yi kai hagu da dama. Kuɗin mota ya ƙaru, wurin zama kuma ya ragu. A Kiyawa direba ya cusa mana mutum biyu da akuya, muka sayi ƙosai mai zafi ta taga. Duk hanya ina tsokanar abokina, ina cewa kwamfutarsa ma ta cancanci kujera.

A ɗakin gwajin, ina zaro filashi, Hajiyar da ke kula da na'urar ta daka min tsawa. "Kul! Filashi ba ya shiga kwamfutar nan. Ya taɓa sa mata cuta muka yi watanni ba aiki. Faifan CD kawai."

Faifai a wannan zamani? Muka hau a-daidaita-sahu muna bin shaguna. Wani ya yi dariya har da riƙe ciki, wani ya ce rabonsa da shi tun kafin ya yi aure. Sai bayan azahar muka samu wurin wani dattijo mai sayar da faifan wa'azi, ya kakkaɓe ƙura ya miƙo guda wanda ba a sa komai a ciki ba.

Hajiya ta zaunar da ni ta nuna min yadda manhajar na'urar take fitar da zanen a matsayin hoto, sannan ta sa shi a faifan. Na buɗe kwamfutata 'yar yayi, na juya ta dama, na juya ta hagu. Ba ta da bakin faifai. Abokina ya ɗora tasa mai bakin faifai a tebur yana murmushi. Wallahi na ji kunya.

Hoto ya shiga rahoto tsaf. Zan faɗaɗa shi ta gefe, Hajiya ta riƙe hannuna. "Ta kusurwa ake ja. In ka ja ta gefe, zanen zai yi ƙarya."

Kafin magariba muka dawo, ni ne ɗauke da kwamfutar a cinya. Tafiyar ta koya min tambaya kafin wayo, ta kuma hana ni raina tsohon kaya. Ranar Laraba malam ya karanta lambobin ɗaya bayan ɗaya, ya sa hannu.

Da na je Aujara na nuna wa Inna shafin, ta daɗe tana kallon layin. "Wannan ne man nawa?" Na ce shi ne. Ta goge hannu a zani kafin ta taɓa takardar.